Kejin Inabin Ba Madu

Duk wanda ya taɓa zama a layin injin niƙa da ke Moduganari ya san Ba Madu. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don shi ne tsohon nan da ke zagin tsuntsaye da harshe biyu. Da Hausa yake farawa, a hankali, kamar mai yi wa ɗan maƙwabci faɗa. In abin ya kai masa iya wuya sai ya juya Kanuri, a nan ne mata ke kiran 'ya'yansu su shiga ɗaki.

Ba haka aka haife shi ba. Masunci ne daga Baga, shekara arba'in yana kan ruwa, gajere kakkaura, tafin hannunsa kamar ƙasan tsohon takalmi. Waɗanda suka san shi can sun ce ko kifi ya tsinke masa ƙugiya dariya yake yi. Ranar da yaran daji masu bindiga suka shigo garin, ya bar kwalekwalensa biyu, da ragar da ya yi shekara yana saƙawa, da ɗaki guda cike da banda. Ya fito da matarsa Ya Zainaba, da buta ɗaya, da allurar saƙar raga wadda bai ma san tana aljihunsa ba sai da suka yi kwana biyu suna tafiya. Har yau in aka tambaye shi yadda aka yi ya ɗauko allura ya bar komai, sai ya ce ita ta biyo shi.

Ba a taɓa jin ya zagi waɗanda suka kore shi ba. A Maiduguri ta wancan lokacin mutum bai san wa ke zaune kusa da shi a benci ba, saboda haka kowa haɗiye nasa yake yi. Ba Madu ya haɗiye, ya ƙara ruwa.

Malama Rebeka ce ta tsince su a bakin wata makarantar firamare da 'yan gudun hijira suka cika har babu wurin shimfiɗa. Tsohuwar malamar makaranta ce, mijinta ya rasu, ɗanta James yana aiki a Jos, ɗakinsa na bayan gida babu kowa sai kwalaye da mataccen keke. Ta tsaya ta dubi ƙafafun Ya Zainaba da suka kumbura suka tsattsage, ta ce, "Ku taso."

Ba Madu ya ce, "Malama, ba mu da komai fa."

Ta ce, "Na tambaye ka?"

Kafin la'asar mutanen layi sun ji. Wannan ya kawo tabarma, waccan ta kawo tukunya, Nuraddeen kafinta, wanda shagonsa ke ƙofar layin, ya zo ya gyara ƙyauren ɗakin yana ta mita cewa wanda ya kafa shi da farko ba ya tsoron Allah. Daga baya aka gano shi ne ya kafa shi.

Da ƙafa ta warke, Ya Zainaba ta samu wanki a wani babban gida. A can mai kula da lambu ya ba ta 'ya'yan inabi guda uku ta ɗanɗana, abin da ba ta taɓa sawa a baki ba. Ranar da aka yi wa itacen aski ta ɗauko reshe ɗaya ta ƙulle a gefen zane. Ba Madu ya dubi abin ya ce, "Matan mutane suna dawowa da ragowar shinkafa, ke kin dawo mana da tsinke." Ba ta kula shi ba. Ta dasa shi a bayan ɗaki, ta ce daga yau a nan za a riƙa alwala, kada ɗigo ɗaya ya tafi a banza. Tsinke ya yi toho, ya kama igiya, ya hau.

Ba ta ga 'ya'yansa ba. A damina ta biyu ciwo ya kwantar da ita. Kwana biyu kafin ta cika ta kira shi ta ce, "In ya haihu, na farko na Malama ne. Daga nan ka bi layi gida-gida. Kada ka sayar, kada ka ci kafin su ci. Ba mu da wani abin da za mu ba su." Ya ce ya ji. Ta ce, "Ji daban, yi daban. Na san ka." Ya ce ya ɗauka, Allah ne shaida.

Bazarar da ta biyo baya inabi ya yi nono shida. Ba Madu ya riƙa ƙirga su safe da yamma kamar za su ƙaru. Da suka fara baƙi ya ce jibi zai yanka, ya tafi kasuwar kifi ta hanyar Baga inda yake taya wani ɗan garinsu jera banda a kwali. Ya dawo da azahar ya tarar da tsirarun tsinkaye suna lilo. A kan katanga ga wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai, guntuwar wutsiya, yana goge bakinsa a jikin bulo, dama da hagu, dama da hagu, yana kallonsa da ido ɗaya.

Cin bai yi masa ciwo kamar gogewar bakin nan ba. Ranar aka fara jin Kanurin. Ranar kuma tsuntsun ya samu suna: Kwamanda.

Shekara ta biyu Ba Madu ya yi duk abin da aka ce masa. Ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar James, tsuntsaye suka mai da kafaɗarsa wurin hutawa. Ya ɗaura zaren kaset, ya jera gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ya zauna yana jan igiya har hannunsa ya yi tsami. Lokacin da ya shiga masallaci sallar Juma'a suka gama da shi. Malama Rebeka ta ce ai ba komai, ta yafe, Allah ya ga niyya. Ya ce, "Malama, ke kin yafe. Wadda ta ba ni saƙon ba ta nan balle ta yafe."

Shi ya sa a shekara ta uku, tun inabi bai yi fure ba, ya fito da allurar nan da ta biyo shi daga Baga. Mako shida yana zaune a gindin katanga, zare a babban yatsan ƙafa, yana saƙa raga mai ƙananan idanu da ko yatsu biyu ba sa wucewa. Ya je ya sayo sandunan dogon yaro guda takwas ya ɗoro a Keke mai ƙafa uku. A shingen 'yan gora, samarin sa-kai masu tsaron gari, wani ya leƙo ya ce, "Baba, wannan sanduna haka, yaƙi za ka?"

Ya ce, "Na riga na fara, ɗana. An ci ni sau biyu."

Aka sauke shi aka yi masa tambayoyi kusan rabin awa, sai da mai Keke ya rantse cewa da tsuntsu tsohon yake.

Nuraddeen ne ya kafa sandunan. Ya shafa wa gindinsu baƙin mai saboda gara, ya haƙa rami kamu biyu biyu, ya gitta wasu a sama, ya yi ƙofa da firam ɗin tsohuwar taga. Ba Madu ya lulluɓe duka da raga, sama da gefe, ya binne bakinta a ƙasa ya danne da bulo. Keji ya tashi, mutum na shiga ya miƙe tsaye a ciki. Mutanen layi suka riƙa zuwa kallo. Wata ta ce ɗakin inabi ya fi nata kyau.

Nuraddeen yana tattara kayan aikinsa sai ya ɗaga kai ya ga wani abu a kusurwar gabas, can sama. Ragar ta buɗe baki kamar faɗin faranti, sannan ta yi ta tsukewa zuwa ciki kamar hannun riga.

Ya ce, "Ba Madu, zare ne ya ƙare maka a nan?"

"Bai ƙare ba."

"To ai ka bar musu taga."

Ba Madu ya yi murmushin da ba a ga irinsa ba tun rasuwar matarsa. Ya ce wannan bakin gura ne. Gura ita ce tarkon da suke kafa wa kifi a tafki: bakinta mai faɗi ne daga waje, siriri daga ciki. Kifi ya bi ƙamshin dusa ya shige cikin sauƙi, in ya juyo ba ya gane hanya. Ya ce shekara arba'in bai taɓa saƙa ragar da aikinta kora ba. Raga kamu take yi.

Malama Rebeka tana shanya, ta ji. Ta ce, "Ba Madu, ni 'yar manoma ce. Mu a wurinmu in an rufe abu, rufewa ake yi."

"In na rufe, Malama, su tafi gidan wani su ci su goge baki, shi ke nan? Ba wanda zai tambaye su na shekara biyu?"

"Kai inabi kake so ko tsuntsu?"

"Duka."

Ta ce, "Allah ya ba ka lafiya," ta ci gaba da shanyarta.

Gaskiya a faɗe ta, da farko abin ya yi aiki. Da inabi ya fara nuna, Ba Madu ya sa kujera a inuwa. Tsuntsu na shigewa sai ya buɗe ƙofa ya bi shi da 'yar koma ta hannu ya cafke kafin ya taɓa ko ƙwaya. Yau biyu, gobe uku. In zai fita sai ya cusa tsumma a bakin gurar, ya sa kwaɗo a ƙofa, ya rataya makullin a wuya. Ya yi ƙiba a makon nan. Har gaisuwa ya riƙa yi wa mutane tun daga nesa.

Kwamanda ne kawai bai shiga ba. Kullum zai zo ya sauka a kan sandar kusurwa, ya leƙa bakin, ya dubi Ba Madu, ya tashi.

Ranar Asabar nono goma sha ɗaya sun yi baƙi sun yi sheƙi, har ƙamshi suke. Malama Rebeka ta tsaya a jikin raga ta ce, "Yau dai a yanka. Ga wuƙa, ga tire."

Ya ce, "Litinin."

"Me Litinin za ta ƙara musu?"

"Zaƙi."

"Ba Madu, shekara talatin ina koyar da yara. Na san fuskar mai ƙarya tun kafin ya buɗe baki. Tsuntsun nan kake jira."

Ya ce in aka yanke inabin babu abin da zai sa Kwamanda ya shiga. Kwana biyu kawai yake roƙo.

Ta ce, "Wato saƙon Zainaba ne ka mayar dusar tarko."

Maganar ta shige shi, amma ba ta zauna ba. Ya ce Litinin da safe, kafin ta sha shayi, zai kawo mata nata har ƙofar ɗaki.

Lahadi da safe Malama ta ɗauki jakarta ta tafi coci. Ba Madu yana zaune, Kwamanda ya zo, ya sa kai cikin bakin gurar har kafaɗa, ya juyo ya dube shi, ya fasa. A nan ne tunanin masunta ya zo wa tsohon. Wa ya taɓa kafa gura ya tsaya a kanta? Kifi ba ya shiga in inuwar mutum na kan ruwa. Kafawa ake yi a tafi, a dawo a ɗaga. Ashe shi ne ke hana kansa kamu. Ya tashi ya yanka gwanda ya saƙala yanki a cikin bakin, ya jefar da tsumman gefe, ya danna kwaɗo. Ya ce a ransa zai je kasuwar kifi ya yi awa biyu. A lissafinsa, tsuntsu ɗaya ko biyu ba za su ci abin kirki a awa biyu ba.

Bai kai awa ɗaya a kasuwa ba aka ji ƙara daga wani gefen gari, irin wadda ke sa ƙasa ta motsa a tafin ƙafa. Kafin a ce me ya faru sojoji sun tare hanyoyi. Ba Keke, ba mai tafiya a ƙasa. Mutane suna ta kiran 'yan'uwansu a waya suna tambayar ko kowa lafiya. Ba Madu ya ari waya ya kira Malama. Ta ce lafiya lau suke, amma an rufe ƙofar coci, ba mai fita. Ya kira Nuraddeen, ashe shi ma ya tafi ɗaurin aure unguwar Bulabulin, can abin ya rutsa da shi.

Ya je wurin wani soja a bakin shinge ya ce, "Ɗana, na bar tarko a buɗe a gida."

Sojan ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, koma ka zauna tun muna mutunci."

Ya koma ya zauna a kan kwalin banda. A rumfar ɗan garinsu ya kwana. Sai washegari da hantsi aka buɗe hanya, ya taho da ƙafa, makulli na dukan ƙirjinsa.

Tun daga ƙofar layi ya ji su. Kamar ana biki a bayan ɗakinsa.

Gura ta yi aikinta, ba wanda zai ce ba ta yi ba. Na farko ya shiga ya rasa hanya ya yi kuka, kukan ya kira na biyu, na biyu ya kira dangi. Yini guda da safiya guda suna ciki, ba hanyar fita, ba abin yi sai ci. Da babu kejin ma da sun ci sun tashi in wani ya gitta. Wannan karon an rufe su da abincin an sa kwaɗo. Wasu sun ƙoshi har ba sa iya tashi, suna zaune a ƙasa kamar alhazai bayan walima. Nono goma sha ɗaya, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsira ba. Har ganyen sun yi wa zane.

Malama Rebeka ta riga shi isowa da kaɗan, tana tsaye da jakarta ba ta ko ajiye ba. Nuraddeen ya shigo a bayansa da babbar rigar jiya. Kowa na jiran Kanurin.

Bai zo ba. Ba Madu ya tuɓe rigarsa ya ninke, ya ce, "Nuraddeen, ara mini wuƙarka mai kaifi. Malama, ina son babban kaskonki."

Ya shiga ya ja ƙofa. Ɗaya bayan ɗaya ya kama su, ya fuskantar da kowane gabas, ya yi bisimilla ya yanka, kamar mai layya. Talatin da huɗu. Kowane sai ya ɗaga wutsiyarsa ya duba kafin ya ajiye. Babu mai guntuwa. Ya fige, ya wanke, ya soya su har suka yi ja, ya barbaɗa yaji da gishiri. Ƙamshin ya fito da mutanen da tun jiya ba su leƙo waje ba.

Ya zaɓi shida mafi ƙiba ya sa a tire ya tsaya a ƙofar ɗakin Malama ya yi sallama, kamar ba yanzu suka rabu ba.

Ya ce, "Saƙon Zainaba ne."

Ta dubi tiren. "Zainaba inabi ta ce."

"Yana ciki, Malama. Duka sha ɗayan. Ni shaida ne."

Nuraddeen ya juya baya yana tari. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ɗaya ta ci har ƙashi, ta ɗauki na biyu. Ta ce, "Da daɗi. Amma ban karɓa ba. Wannan naka ne, kai ka yi fushi ka huce da shi. Nata yana nan a wuyanka." Ta miƙa hannu. "Kawo."

"Me?"

"Abin da ke wuyan naka."

Ya ajiye tiren a ƙasa. Sannan ya cire igiyar makullin ya ba ta. Ta ce kuma kafin ya bi layi da soyensa, ya ɗauko allurarsa. Ta jawo kujerarsa ta zauna, ya hau benci, ya ɗinke bakin gurar ido bayan ido tana kallo. Da ya ce ya gama ta sa ya sake bi. Nuraddeen ya ce bai taɓa ganin an yi wa mai furfura horon aji ba sai ranar.

Bazarar da ta zagayo inabi ya yi nono tara. Malama ce ta sa rana, ita ta buɗe kwaɗo. Ba Madu ya yanka da hannunsa, ya ɗora mata na farko a tafin hannu biyu. Ta ci ƙwaya ɗaya a tsaye ta ce, "Yanzu na karɓa. Allah ya ji ƙanta." Ya ce amin, ya ɗauki tire ya bi layi gida-gida har shagon Nuraddeen. Ƙwaya huɗu suka rage a gindin tiren, su ya ci a bayan ɗaki, inda ake alwala, ya juya wa kowa baya.

Kada wani ya ɗauka an yi sulhu. Ya sayi danƙo, yana ajiye tsakuwa a aljihun da allura take. Nuraddeen ya sha gaya masa cewa gashin wutsiya tsirowa yake, ƙila Kwamanda na cikin talatin da huɗun nan, ƙila ma Malama ce ta cinye shi. Ba Madu ya ce kafinta bai san tsuntsu ba. Ya ce jiya ma ya gan shi a kan katanga, ya tsufa, amma har yanzu dama da hagu yake goge baki.